Barde Ɗankaka a Kan Dutsen Faɗi

Tun gero yana ƙarami Gazurawa suka kewaye Birnin Dasgaro, ga shi har ya nuna, masu shi suna tsaye a kan ganuwa suna kallon maƙiya na girbe musu gonaki. A cikin birni an cinye awaki, an cinye jakuna, an koma kan dawakan yaƙi, har ya zamana Sarki Gagarau kansa ba shi da abin hawa. Mata suna daka ƙwallon goruba suna dama wa yara. A wasu unguwanni yaran sun daina kuka, kwanciya kawai suke yi a inuwa suna bin mai wucewa da ido.

Abu ɗaya ne ya riƙe zukatan mutane. Fada ta ce Sarkin Malkuma, surukin Sarki, yana tafe da rundunar da ba a taɓa ganin irinta ba. Kowace safiya Sanƙira yakan tsaya a bakin kasuwa ya yi shela cewa sun ƙetare kogi kaza, sun yada zango a gari kaza, a ƙara haƙuri.

Ba haka maganar take ba. Sarki ya aiki Barde Ɗankaka, ɗaya daga cikin amintattun mayaƙansa, ya ratsa sansanin maƙiya cikin tsummokara kamar mahaukaci, ya isa Malkuma, ya dawo. Abin da ya kawo shi ne Sarkin Malkuma ya karɓi garken shanu daga hannun Gazurawa, ya rantse musu ba zai aiko ko da mashi ɗaya ba. Waɗanda suka ji wannan daga bakinsa su ne Sarki, da Galadima Nomau, dattijon majalisa, da Kaura Mayau, shugaban yaƙi. Suka umarci Barde ya kame bakinsa, aka bar Sanƙira ya ci gaba da shelarsa.

Barde ya yi shiru har lokacin da shirun ya shigo gidansu. Yana da ƙanwa, Tasalla, wadda mijinta ya mutu a farkon yaƙin ya bar mata 'ya'ya uku. A lokacin akwai wani kwazazzabo ta arewa da talakawa suke sulalewa ta ciki, kafin Gazurawa su gano shi su toshe. Ya roƙe ta ta bi masu fita, bai iya gaya mata dalili ba. Ta ce me zai sa ta jefa yara cikin daji alhali Malkumawa sun kusa. Da ya binne na biyu daga cikin yaran da hannunsa, bai koma gida ba. Daga maƙabarta ya miƙe zuwa ƙofar fada.

A nan ƙofar fada akwai wani baƙin dutse mai faɗi, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, ana ce masa Dutsen Faɗi. Tun kafuwar birnin, duk Sarkin da za a naɗa sai ya ɗora hannu a kansa ya rantse cewa wanda ya hau shi ba takalmi ba hula, ya faɗi abin da ke ransa, hannu ba zai taɓa shi ba. An hau shi a kan haraji, an hau shi a kan zaluncin hakimai, wata tsohuwa ma ta taɓa hawa ta zagi kakan Sarki a kan akuyarta, ta sauka ta tafi gida lafiya.

Barde ya tuɓe takalmi, ya ajiye hula, ya hau. Rana ce ta kasuwa, ko da yake babu abin sayarwa, nan da nan fili ya cika.

Ya ce, "Mutanen Dasgaro, ni ne aka aika Malkuma. Da idona na ga shanun Gazurawa a ƙofar fadarsu. Babu rundunar da ke tafe. Ba ta ƙetare kogi ba, ba ta ma ɗaura sirdi ba. Sarki ya sani, Galadima ya sani, Kaura ya sani. Wanda zai jira, ya san abin da yake jira."

Bai ƙara ba, ya sauka. Mutane suka watse ba hayaniya, kowa ya nufi gidansa kamar an tashi daga jana'iza.

Masu tsaron Ƙofar Yamma yawancinsu mutanen ƙauye ne da aka tattaro, ba su da gida a birni. Kafin gari ya waye rabinsu sun zura igiya sun sauka bayan ganuwa. Gazurawa suka kama wasu, suka matsa musu, suka ji halin da ƙofar take ciki. Hantsi bai yi ba suka zo da tsani da gatura. Tanimu, babban ɗan Kaura, shi ne ya tare ƙofar da 'yan mutanen da suka rage har gudunmawa ta iso daga sauran ƙofofi. An kori maƙiya, amma gawarwakin 'yan birni sun cika bakin ƙofa, Tanimu yana cikinsu. Barde ya yi faɗan tun daga farko, shi ne ma ya janye gawar Tanimu daga ƙarƙashin tsani. Da ya ajiye ta, ya ga irin kallon da mutanen Kaura suke yi masa, sai ya koma ƙofar fada ya sake hawa dutse da jinin yaƙi a jikinsa.

A ranar ne kuma ƙudan zuman da suka shekara da shekaru a kogon kukar fada suka tashi gaba ɗaya, suka ƙetare ganuwa suka yi gabas. Tsofaffi suka gani, ba wanda ya so ya fassara.

Sarki ya tara majalisa bayan azahar. Shekarunsa kaɗan a kan gado, kuma yunwa ta nuna a wuyansa kamar ta kowa. Kaura ya shigo bai wanke hannu ba, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya nemi izinin magana.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara. Ban zo in yi kukan ɗana ba, don mutuwar maza ya yi. Na zo ne a kan birninka. Jiya muna da ƙofofi a rufe da mutane a kansu. Mutum ɗaya ya buɗe baki, yau muna haƙa kaburbura. Da Barde ya ɗauki gatari ya sare ƙyauren Ƙofar Yamma, da babu wanda zai tsaya muhawara a kan hukuncinsa. To abin da ya yi ke nan, sai dai da harshe ya yi. Ina roƙon a ba ni shi, a sare kansa a bakin kasuwa, kowa ya gani."

Galadima ya gyara zama. Ya fara da yi wa Kaura ta'aziyya, ya yabi Tanimu, sannan ya juya ga Sarki.

"Zaki, ina tsaye ranar da ka ɗora hannu a kan dutsen nan. Waɗanda suka kafa shi ba don ranar ƙoshi suka kafa shi ba. Ranar da rumbu yake cike, kowane Sarki yana iya jure zagin tsohuwa. Don rana irin ta yau aka ajiye shi, ranar da maganar take da zafi, fada kuma ba ta son ji. Sannan a tambaya, ƙarya Barde ya yi? Mu ne muka yi ƙarya, ni da kai da Kaura. Na yarda da ita a lokacin, ina zaton kwana kaɗan za ta yi."

Kaura ya ce ƙaryar nan ita ta riƙe ƙofa a rufe, gaskiyar kuwa ita ta buɗe ta, shi kuma aikinsa ƙofa. Galadima ya amsa cewa ƙaryar ma ta kashe nata, sai dai a cikin ɗakuna ta kashe su, yara ne da tsofaffi waɗanda da sun fita tun hanya tana buɗe, kuma ba a buga musu ganga ba shi ya sa Kaura bai lissafa da su ba.

Nan muryar Kaura ta ɗaga. "Galadima, kana maganar 'yancin baki kamar birnin ya riga ya tsira. In Gazurawa suka shigo suka sa mana igiya a wuya, wane dutse za ka hau? Bawa ba shi da dutse. 'Yancin da na sani shi ne ganuwar nan ta tsaya. Wanda yake son magana ya bari mu rayu tukuna, in an kori maƙiya ya hau ya yi ta yi har muryarsa ta dushe."

Galadima ya ce, "In mutum zai mutu da 'ya'yansa, kuma an hana shi sanin abin da zai kashe su, an hana wanda ya sani ya gaya masa, to ina bambancinsa da wanda aka sa wa igiya? Kuma na ga sarakuna, Kaura. Abin da aka karɓe da sunan yaƙi, ban taɓa ganin an mayar da shi bayan yaƙi ba."

"Bambancin," in ji Kaura, "shi ne da ɗana yana nan."

Sauran sarakunan majalisa suka sunkuyar da kai, don kowannensu yana da wanda ya binne, ko na ƙofa ko na ɗaki. Wasu suka ce magana tana da iyaka, kuma iyakarta ita ce inda za ta amfani maƙiyi. Wasu suka tambaya wa zai shata iyakar, in ba wanda maganar take ƙona ba. Aka yi ta juyawa har inuwa ta miƙe, ba a kai ko'ina ba.

Kaura ne ya kawo mafita, ya faɗe ta a hankali. Ya ce shi ba ya son Sarki ya karya rantsuwa. Rantsuwar ta ce hannu ba zai taɓa wanda ke kan dutse ba, ba ta ce a shayar da shi ba, ba ta kuma yi maganar wanda ya sauko ba. A kewaye shi da dogarai, kada a ba shi ruwa, kada a ba shi abinci. Ranar da ƙafarsa ta taɓa ƙasa, ya zama nasa.

Galadima ya ce wannan karya rantsuwa ce ta bayan gida, kuma talakawa ba wawaye ba ne. Amma Sarki ya dubi mayaƙan Kaura da suka cika zaure, ya tuna cewa su kaɗai suka rage tsakaninsa da Gazurawa. Ya ce a yi yadda Kaura ya faɗa. Ya ƙara da cewa daga yau wanda aka ji yana maganar Malkuma a kasuwa ko a bakin rijiya, a kai shi gidan yari.

Lokacin zafin ƙarshen damina ne, ruwa ya ɗauke, rana tana dukan dutsen har ba ya taɓuwa. Barde ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa ya zauna a kai. Ba duk birni ne yake tare da shi ba. Matan waɗanda suka mutu a Ƙofar Yamma sukan zo su tsaya bayan dogarai su tsine masa, wata ta ɗaga jaririnta ta ce ya dubi marayan da ya yi. Bai kare kansa ba, ya dubi yaron kamar yadda ta ce. Wasu kuma sukan zo su zauna a gindin kuka daga nesa, kullum kuma yawansu yana ƙaruwa. Sanƙira ya fita shela kamar yadda ya saba, ya tarar ba kowa a gabansa, ya yi wa rumfuna shela ya dawo. A kan ganuwa kowane mai gadi ya koma gadin na kusa da shi, kada ya zura igiya.

Leɓunan Barde suka tsage, muryarsa ta tafi. Da safe yakan lashi raɓar da ta kwanta a kan dutse. Ranar da ya kasa zama ya kwanta a gefensa, sai Magajiya Dudu ta fito. Ita ce yayar mahaifin Sarki, shugabar matan birni, tsohuwa mai tafiya da sanda. Ta zo da ƙwaryar ruwa a hannunta. Dogarai suka durƙusa suka gaishe ta, amma ba su ba ta hanya ba, shugabansu yana hawaye ya ce kansa ne zai tafi. Ba ta yi musu faɗa ba. Ta juya da ƙwaryar ta shiga fada, ta wuce har soron ciki ba tare da an yi mata iso ba.

Ta tarar da Sarki shi kaɗai, rawani a ajiye, ya haɗa kai da gwiwa. Ta ajiye ƙwaryar a gabansa ta zauna.

Ya ce, "Gwaggo, kada ki ce in sake shi. In na sake shi Kaura zai janye mutanensa. In na kashe shi, gari zai tsine mini. In na fito na faɗi gaskiya, sauran ƙofofin ma za su zama kango. Duk inda na juya rami ne."

Ta ce ba ta zo da dabarar tsira ba, don ba ta da ita, watakila ma babu. Ta ce mutanen gari sun riga sun san Malkumawa ba sa zuwa, kashe Barde ba zai mayar da maganar cikin bakinsa ba.

"Abin da ba su sani ba," in ji ta, "shi ne ko suna da Sarki har yanzu. Ɗan ƙanena, mutanen nan mutuwa suke yi saboda kai. Ko ba ka da hatsin da za ka ba su, kana da bakin da za ka gaya musu inda aka tsaya, kowa ya zaɓi inda zai faɗi. Ban ce wannan zai cece ka ba."

Ta tashi ta bar masa ƙwaryar.

Da la'asar aka buga tambari, jama'a suka taru a ƙofar fada suna zaton kisan Barde za a yi. Sai ga Sarki ya fito ba laima, ba rawani, ƙwarya a hannunsa. Ya tuɓe takalmi a gaban dogarai, ya hau dutsen, abin da wani Sarki bai taɓa yi ba. Ya tallafi kan Barde ya shayar da shi, sannan ya miƙe.

"Mutanen Dasgaro, abin da Barde ya gaya muku gaskiya ne. Ni na sa aka yi muku ƙarya, alhakin waɗanda suka mutu suna jira yana wuyana. Babu mai zuwa. Abin da ya rage a rumbun fada ba zai kai mu sabon wata ba. Gobe da safe zan buɗe Ƙofar Gabas. Wanda yake son fita ya fita, ba zan kira shi matsoraci ba. Ban san abin da Gazurawa za su yi wa masu fita ba, kuma ba zan ƙara yi muku alkawarin abin da ban sani ba. Ni ina nan. Barde kuwa na yafe shi a kan dutse, na yafe shi a ƙasa."

Ba a yi guɗa ba, ba a yi ihu ba. Wasu suka yi kuka a tsaye. Kaura ya matso ya ce wa Sarki cikin ƙaramar murya cewa Gazurawa ba za su bar ko akuya ta wuce ba, kuma jinin masu fita ba zai hau kansa ba. Sarki ya ce ya sani. Kaura ya dube shi, ya dubi Barde da ake saukowa da shi, ya juya ya tafi wurin mutanensa ba tare da ya faɗi gaisuwar sallama ba.

Da safe aka buɗe ƙofar. Waɗanda suka fita sun fi yadda aka zata, mata da goyo, tsofaffi da sanduna, 'yan ƙauyen da suka rage, kowa da ɗan ƙunshinsa a ka. Tasalla tana cikinsu da ɗanta na ƙarshe. Barde ya rako ta har bakin ƙofa yana dafa bango. Ta ce masa wannan karon ta san abin da take yi, kada ya ɗora wa kansa. Ya tsaya yana kallonta har ta shige cikin taro.

Gazurawa suka ƙyale su har suka yi nisa da ganuwa, suka shiga tsakiyar gonakin da aka girbe, inda babu ko bishiyar fakewa. Sannan aka busa ƙaho. Daga kowane ɓangare mayaƙa suka kwararo da igiyoyi. Kowa yana son ya kama bayi kafin ɗan'uwansa ya riga shi, masu tsaron ramukan da aka haƙa kewaye da birni suka bar ramuka, 'yan baka suka jefar da kwari, har masu gadin bukkar Sarkinsu suka ruga. Wanda ya yi gardama a sare shi, wanda ya tsufa da yawa a sare shi. Kukan ya iso kan ganuwa sarai.

Sarki yana tsaye a saman ƙofa. Ya ce, "Ni na buɗe ƙofar nan." Ya karɓi takobi da garkuwa daga hannun dogari ya fara sauka.

Kaura kuwa ba kukan yake saurare ba, sansanin yake kallo. Ya ga ramuka ba kowa, ya ga tambura a ajiye ba masu gadi. Ya ce wa manyan mayaƙansa in akwai ranar fita, to yau ce, kuma ba za ta sake zuwa ba. Ya raba su biyu. Ya bar wa Sarki waɗanda 'yan'uwansu suke cikin fili, don ya san ba mai iya riƙe su. Shi kuma ya ɗauki nasa ya fita ta Ƙofar Arewa, ya zagaya bayan sansani.

A ƙasa aka yi yaƙin, don babu doki ko ɗaya a Dasgaro. Mutanen da yunwa ta ƙarar suka fito da gudun da ba wanda ya san suna da shi, har da maƙera da guduma, da mahauta da wuƙaƙensu. Suka auka wa Gazurawa hannuwansu cike da igiya. Sarki yana gaba, ba sulke, kowa yana ganinsa. Barde yana bayansa da mashi, yana faɗuwa yana tashi, yana kiran sunan ƙanwarsa da muryar da ba ta fita. Gazurawa suka farfaɗo daga mamaki, suka fara haɗa sahu, suka tura 'yan birni baya har gefen gonaki. A nan mashi ya sami Sarki a ƙasan haƙarƙari. Ya durƙusa, ya dogara da takobi ya miƙe, wani mashin ya sake samunsa.

Da a ce an ƙara jimawa kaɗan, da Dasgaro ta ƙare a wurin. Sai hayaƙi ya tashi daga bayan maƙiya. Kaura ya shiga sansani ya cinna wa bukkoki wuta, ya farfasa tamburansu, ya kashe duk wanda ya tarar. Gazurawa suka waiga suka ga wuta a inda Sarkinsu yake, wani ya yi ihu cewa Malkumawa sun iso, maganar ta bi sahu kamar gobara. Suka watse suka nufi kogi, suna jan waɗanda suka riga suka ɗaure. An bi su har bakin ruwa ana sara. An ƙwato wasu daga cikin kamammun, an haye da wasu da yawa. Barde ya bi gawarwaki ɗaya bayan ɗaya yana juyawa, ya bi waɗanda aka ƙwato yana dubawa. Bai ga Tasalla ba, bai ga yaron ba.

Da rana ta karkata aka shigo da gawar Sarki Gagarau a kan garkuwoyi, aka shimfiɗe ta a zauren fada. A bayanta aka koro shanun Gazurawa, aka fara yanka tun a bakin ƙofa, hayaƙin gashi ya rufe unguwanni. Mayaƙa suna ɗaga masu suna yi wa Kaura kirari, talakawa suna amsawa da nama a hannu.

Kaura ya zauna a dakalin ƙofar fada, takobi tsirara a kan cinyarsa, mutanensa sun kewaye filin. Sarakunan majalisa suka zo ɗaya bayan ɗaya. Galadima ya ce tunda ɗan Sarki yaro ne ƙarami, al'ada ita ce masu zaɓe su keɓe bayan jana'iza su fitar da mai riƙo. Kaura ya ce za a yi wannan in ƙasa ta natsu, yanzu akwai shari'ar da ta rage. Ya ɗaga hannu, aka shigo da Barde, an ɗaure masa hannuwa ta baya, ƙurar fili har cikin gashinsa.

Galadima ya ce, "Kaura, Sarki ya yafe shi a gaban kowa. Ga rantsuwa, ga yafiya. Kuma ba don ƙofar da aka buɗe ba, da ba ka sami sansanin a buɗe ba."

Kaura ya ce masa ya je gonakin gabas ya gaya wa waɗanda ke kwance a can haka, ya haye kogi ya gaya wa waɗanda aka tafi da su. Ya ce magana ta ci Ƙofar Yamma, ta ci Ƙofar Gabas, ta ci Sarki, ba zai jira ta ci abin da ya rage ba.

"Wanda ya yi rantsuwar ga shi can kwance a zaure," in ji shi. "Ni ban taɓa rantse wa kowa ba."

Galadima ya juya ga sarakunan majalisa, waɗanda suka goyi bayansa ranar muhawara, ya kira su da sarautunsu ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya kafa ido a ƙasa. Ya juya ga jama'ar da suka cika fili, ya ɗaga murya ya tambaya ko babu wanda zai ce wani abu. Na kusa suka dubi masun da ke kewaye da su, na nesa ba su ma ji shi ba, suna can wajen rabon nama. Magajiya ta yunƙuro da sandarta daga ƙofar zaure, mayaƙa biyu suka tare ta cikin ladabi suka mayar da ita wurin gawa.

Barde bai roƙi kowa ba. Ya tambaya kawai ko za a aika bayan waɗanda aka haye da su. Aka wuce da shi bakin kasuwa.

Kaura ya yi wa makaɗa alama. Suka dubi juna, sannan babbansu ya ɗauki gula ya buga tambarin da ba a buga wa kowa sai Sarki. Mayaƙa suka zube, sarakunan majalisa suka bi, fili duka ya kwanta kamar an danne shi da hannu. Galadima Nomau ya daɗe a tsaye shi kaɗai, Kaura yana kallonsa. Shi ne na ƙarshe da ya durƙusa, amma ya durƙusa.